Hajiya 'Yar Sudan ta tafi: a faɗi ciwonta ko a rufe?

Rabi:
Salamu alaikum jama'a. Jiya aka yi addu'ar arba'in ta kakarmu, wadda 'yan unguwar Bagalam ta Maraɗi suka sani da Hajiya 'Yar Sudan. Duk wanda ya tako ko ya bugo waya mun gode, Allah ya bar zumunci.

Wajen rabon sadaka na ji wata yarinya ta tambayi ƙawarta wa ya rasu a gidan, ita kuwa ta ce, "Tsohuwar nan mai ɓacewa." Ba laifinta ba ne, a haka ta tashi ta gan ta. To bari in faɗa wa yaran yanzu wace ce tsohuwar.

A tsohon gari aka haife ta, can ƙasa bakin gulbi. Tana goye aka yi ambaliyar 1945 da ta sa aka tayar da Maraɗi aka hau da ita tudu. Ba ta cika shekara goma ba mahaifinta ya sayar da gonarsa, ya kwashi iyalinsa sai Makka, ta ƙasa. Kano, Maiduguri, For Lami wadda yau ake kira Njamena, Abeshe, Jinaina. Wani wuri a bayan babbar mota, wani wuri a kan jaki, wani wuri ƙafa ce kawai. Guzuri ya ƙare musu a Sudan, kamar yadda yake ƙare wa mafi yawan masu bin wannan hanya, sai suka zauna tsintar auduga a gonakin Jazira wajen Wad Madani. Suna can Sudan ta samu 'yancin kai a 1956, kuma can aka binne mahaifiyarta. Sai da suka tara kuɗin jirgin ruwa sannan suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Ta bar gida Nasara na mulki, ta dawo ta tarar da Diori Hamani a kan kujera, ga Larabci a bakinta, ga sunan Hajiya tun ba ta yi aure ba.

Aka ba ta wani ɗan kasuwar goro, ta bi shi Kumasi. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Gana. Ta fito da goyo a baya, da ɗa a hannu, da keken ɗinki a kai. Da mijin ya rasu ba ta zauna jiran dangi ba, ta shiga mota sai Lome da Kwatano, tana sayo atamfa tana kai wa matan Katsina da Kano ta Jibiya. Daga baya ta juya arewa, Agadas, Arlit, har Tamanrasat.

Sannan ciwon mantuwa ya zo, ya yi shekaru yana cin ta kaɗan-kaɗan, har ta kai ba ta gane 'ya'yan da ta haifa. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Balkisa:
Allahu akbar. Wallahi gidanmu na kallon nasu amma ban taɓa sanin ta je Makka a ƙafa ba. Allah ya kai haske kabarinta.

Kawu Sani:
Rabi, an nuna mini wannan rubutu a nan Yamai. Tarihin da kika kawo gaskiya ne, har na ji daɗi, ni ne ɗan da ke hannunta ranar fitowa daga Kumasi. Amma layin ƙarshe ki goge shi. Uwarmu ce. An ce a ambaci mamaci da alheri. Me ya kawo zancen ba ta gane 'ya'yanta a gaban mutum ɗari da wani abu? Asirin da Allah ya rufe da ƙasa mu ne za mu tone shi a waya?

Rabi:
Allah ya huci zuciyarka Kawu. Ni ban ga abin kunya a ciki ba. Da hawan jini ko ciwon suga na rubuta, ai ba za ka ce in goge ba.

Kawu Sani:
Hawan jini ba ya hana 'ya'ya mata aure. Kina da ƙanne a gida. Gobe wani ya zo bincike a ce masa dangin masu taɓin hankali ne. Ke yarinya ce, ba ki san mutanen garin nan ba.

Sale ɗan Alhaji Idi:
Baba ya ce in rubuta muku abin da yake faɗi, shi ba ya iya taɓa waya. Ga shi yadda ya faɗa:

"Ku gaida ɗiyan Hajiya. Ni na yi tuƙin babbar mota Barliye hanyar arewa tun ba a shimfiɗa gudron Tawa zuwa Arlit ba, kuma na ɗauke ta ba sau ɗaya ba. Mata ba su shiga motarmu sai da mazansu, ita kuwa ta zo da buhunan lallenta ta hau can bisa kaya ta zamna, ta ce gaba zahi gare shi. Wata tahiya tsakanin Arlit da Asamaka, inda babu hanya sai sawun taya, munka kahe cikin rairayi, ga ruwa ya yi ƙasa. Maza sunka hwara gardama kowa na son ya cika gorarshi. Ita ta tashi ta zamna bisa tanon ruwan, ta ce moɗa guda ga kowa da sahe, moɗa guda da marece, wanda bai yarda ba ya zo ya ɗaga ta. Ba wanda ya zo. Da ruwan nan munka kai har wata mota ta iske mu. A In Gezam kuwa ita ke yi muna magana da 'yan duwan na Aljeriya, su yi ta dariyar Larabcinta na Sudan, amma kayanmu su wuce. Ta sayo dabino da madarar Lahda ta dawo. Lokacin da Buhari ya ruhe iyaka ya canza kuɗɗi a 1984, nairorinta da yawa sunka zama takarda a hannunta, ga yunwa a gari. Na ce Hajiya yanzu sai a zamna gida. Ta ce wanda ya zamna ya mutu. Ni na girme ta, kuma ga ni ina tuna lambar motata ta hwarko. Ku ce ma Sani abin da ya same ta ba tsuhwa ba ne, ciwo ne."

Nasiru majo:
Maganar Alhaji Idi ta ƙarshe ita ce gaskiyar aikinmu na asibiti. Tsufa yana kawo mantuwar inda aka ajiye carbi. Ba ya sa mutum ya manta me ake yi da carbi. In an kai nan, ƙwaƙwalwa ce ta kamu, ƙwayoyinta na mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma kowace shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Wanda ya fi yawa shi ne mai sunan likitan Jamus Alois Alzheimer, da ya bayyana shi a 1906, yana ɗaukar kashi 60 zuwa 70. Akwai kuma wanda toshewar jijiyoyin jini a kai ke kawowa, bayan hawan jinin da ba a kula da shi ba ko ƙananan shanyewar ɓarin jiki, wani lokaci mutum bai ma san ya yi su ba.

Alhaji Sani, game da tsoronka: mafi yawan wannan ciwo ba gado ne kai tsaye ba. Babban abin da ke jawo shi yawan shekaru ne, sai hawan jini, suga, taba, kurumcewar da aka bari. Irin wanda ke bin jini daga uwa zuwa ɗa kaɗan ne ƙwarai, kuma yakan kama mutum tun kafin 65. Hajiya ta haura 70 kafin ya fara.

Tanti Hadiza:
Na yi shiru ina karantawa, amma tunda ni na zauna da ita ɗaki ɗaya har ranar da aka rufe mata ido, bari in ce wani abu. Yaya Sani ka yi haƙuri.

Ba da ɓacewa ya fara ba, da lissafi ya fara. Matar da ke haɗa sefa da naira da dinarin Aljeriya a ka ba alƙalami, sai ga ta tana ba yaro dala ashirin ya sayo tiyar hatsi, in ya ce ba ta isa ta ce ɓarawo ne. Farashin da ke kanta na kafin karyewar sefa ne a 1994. Muka ɗauka rowa ce ta tsufa muna dariya. Sai sallar azahar sau uku. Sai ta ɓoye kuɗi cikin tukunyar miya, ta tara unguwa ta ce ni na sace. Wannan ya fi komai yi mini zafi, don akwai waɗanda suka yarda, har a cikin dangi.

Sannan abin la'asar. Da rana ta yi sanyi za ta ƙulle ƙunshinta, ta sa mayafi, ta ce a yi sauri mota za ta tashi. Kuma Hausa ta fara guduwa daga bakinta. Tana son ruwa ta ce moya, ta kira ni da sunan wata ƙawarta ta Wad Madani, ta yi ta zuba Larabci. Maƙwabta da ba su san tarihinta ba suka ce aljani Balarabe ne ya hau ta. Wasu suka ce kurciya aka yi mata tun tana yarinya, shi ya sa ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba, yanzu ta motsa. Wata ta hana jikokinta shigowa gidanmu, ba sai na faɗi sunan da ta kira ta da shi ba, kowa ya san abin da ake ce wa tsohuwar da aka gani tsakar dare a ƙofar gidan wani.

Duk wannan saboda me? Saboda an ce mana mu rufe. Ranar da ta kwana a waje na ce a kai cigiya gidan rediyo, aka bugo daga Yamai aka ce kul. Rufewar ba ta rufe komai ba, sai dai ta bar mutane suka cike gurbin da abin da suka ga dama.

Abdu kabu-kabu:
Tanti ni ne na maido ta ran nan. Hanyar Ɗan Isa na iske ta ta wuce 'yan duwan, ba takalmi ƙahwa guda. Na ce Hajiya ina zuwa, ta ce tasha, jirgin Sawakin ba ya jiran kowa. Ni ban san mi ne ne Sawakin ba sai yau da na karanta. Da na ce mu koma gida sai ta ɗauko dutsi. Sai na ce to hau in kai ki tashar, ta hau lahiya lau, har tana ciniki da ni.

Balkisa:
Ni abin da ban gane ba shi ne kwaɗon da aka sa wa ƙofarta. Ba faɗa nake nema ba Tanti. Amma mukan ji tana bugun ƙofa da magariba tana kira, wallahi har hawaye nake. Mutumin da ya taka duniya haka a ƙare da kulle shi?

Tanti Hadiza:
Balkisa, ina da 'ya'ya biyar, da girki, da miji da ke kasuwa tun safe. Na sa kwaɗo, kuma da za a maido ni wannan lokacin zan sake sawa. Damina gulbi na cike, gudron Ɗan Isa manyan motoci ne dare da rana. Wanne kika fi so, ki ji bugun ƙofa ko ki ji an tsinto ta? Kukan da kika yi daga bayan katanga, da kin zagayo kin zauna da ita awa ɗaya in yi wanka, da ya fi mini amfani.

Balkisa:
Haka ne. Ai ba a ce mana ana son taimako ba, cewa ake Hajiya na hutawa.

Tanti Hadiza:
To ki ji, Yaya Sani.

Malam Ilya:
Allah ya gafarta wa Hajiya. Alhaji Sani, abin da aka hana shi ne tonon aibin mamaci, ciwo kuwa ba aibi ba ne. Allah da kansa ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, cewa cikinmu akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, yana neman tsari daga hakan a cikin addu'arsa. Abin da Littafi ya faɗa a sarari ba zai zama asirin gida ba.

Kuma tunda an sha tambayata: wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Babu salla a kansa, babu azumi, ba a rama masa. In ta yi azahar sau uku ko ta yi ba alwala, a bar ta, kada a tsawata. Zagin da ta yi wa wani ba a rubuta mata ba. Zakka ce dai a mazhabarmu ta Malikiyya ba ta faɗuwa, don haƙƙin dukiya ce, mai kula da dukiyar shi zai fitar. Tofi da addu'a alheri ne, amma masu zuwa da bulala wai suna fitar da aljani daga jikin tsohuwa su ji tsoron Allah.

Hadiza kuwa, a gaban jama'a nake faɗa, ba uwarta ba ce, ta yi abin da ya wajaba a kan wasu. Allah ya biya ta.

Nasiru majo:
Kan kwaɗo ba zan ga laifin Tanti ba, mutum ɗaya ba ya gadin mai wannan ciwo dare da rana. Amma ga waɗanda ke ciki yanzu: a kulle ƙofar gida, a bar musu tsakar gida, ya fi kulle ɗaki. A ɗinka lambar waya a jikin mayafi ko riga. A gaya wa 'yan fada da masu kabu-kabu na unguwa, su ne idon titi. Tashin la'asar ɗin sananne ne a ciwon, in akwai jika ya riƙe hannunsu su zaga unguwa su dawo, yawanci sai jikin ya lafa. Dabarar Abdu ita ce daidai, ba a gardama da su. Abin da ya faru jiya ne ke fara gogewa, na yarinta shi ke saura, kamar buhuna a sito, na sama ake fara kwashewa. Shi ya sa Sawakin ta fi Bagalam kusa a wurinta. Kuma don Allah a bar sayen ƙwayar barci wajen 'yan tallar magani ana ɗura musu. Tana ƙara ruɗewa, tana kawo faɗuwa, karayar ƙugu kuwa ga tsoho sau da yawa ita ce kwanciyar ƙarshe.

Rabi:
Akwai abin da Tanti ba ta faɗa ba. Ita ta gano cewa in aka kunna mata waƙoƙin Sudan a waya, aka dafa mata gahawa da citta, sai ta zauna. Har shekarar ƙarshe in ka miƙa mata atamfa za ta murza ta da yatsa biyu, ta shinshina, in ta roba ce ta jefar. Ba ta san sunana ba amma ba ka cutarta a zane. Kuma tana tsokanata da kishiya kamar da, ko da yake ina jin duk macen da ta shigo kishiya ce a lokacin.

Kawu Sani:
Malam na ji, kuma ban ƙi ba. Hadiza, ban taɓa raina abin da kika yi ba, Allah shaida. Amma ku ma ku ji nawa. Na baro Yamai na zo na durƙusa gabanta, ta dube ni ta ce yaron mota a sauke mata kaya. Matar da ta riƙe hannuna daga Kumasi har gida ba ta sake ni ba. Na fita waje na kasa komawa ɗakin. Ku kuna ganinta kullum, abin ya zo muku sannu-sannu, ni kowane zuwa sai in tarar an ɗebe wani abu. Ban so mutanen da suka san ta tana ba maza umarni su gan ta haka. In wannan kuskure ne to na ƙauna ne. Har yanzu ina ganin zaure irin wannan ba wurin maganar ba ne, amma Rabi ki bar rubutunki, tunda an riga an karanta.

Kuma ki gyara, ba keken ɗinki kaɗai ta ɗauko ba, har da agogon bango na Baba, ta naɗe shi cikin tabarma. Yana ɗakin Laminu.

Tanti Hadiza:
Yana nan, ba ya aiki.

Zuwaira daga Tibiri:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Surukina tun bayan Sallar Layya ya rikice, cikin 'yan kwanaki kawai. Da lafiyarsa lau yana zuwa gona, yanzu ba ya gane ɗakinsa, yana barci da rana yana surutu da dare, fitsari ma yana kuɓuce masa. Mun yi shiru don kada a ce wani abu. Majo, irin na Hajiya ne?

Nasiru majo:
Zuwaira, kada ku yanke hukunci. Irin na Hajiya a hankali yake shigowa, wata da watanni har shekaru. Rikicewar da ta zo cikin kwanaki sau da yawa wani ciwo ne a jiki ya taɓa kai: ciwon mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, suga ya hau ko ya faɗi, ƙarancin ruwa a jiki, wani magani da yake sha, ko ya faɗi ya bugu a kai ba a sani ba. Da yawansu ana magance su mutum ya dawo hayyacinsa, amma jinkiri na da haɗari. Ku kai shi asibiti a auna jini da fitsari da hawan jini. Ku tafi da duk maganin da yake sha, na asibiti da na gargajiya, a leda ɗaya, kuma wanda ke kwana kusa da shi ya bi ku, don shi zai iya ba likita labarin yadda abin ya fara.

Zuwaira daga Tibiri:
Maigidan ya ce gobe Litinin cin kasuwar Maraɗi ne, sai Talata.

Nasiru majo:
Ki ce masa gobe da safe. In ya ƙi, ba ni lambarsa ta gefe in kira shi da kaina.